Karnukan Yakaka Mai Banda

Har yau in na ji wani ya ce "ai kare ne kawai", sai in tashi in bar wurin. Ni ma na faɗi maganar nan da bakina, ba sau ɗaya ba, kuma yayata na faɗa wa, Yakaka mai banda, wadda ta goye ni a bayanta tun ban san hannun damana ba. Sunana Gaji, ni ne autan ɗakinmu, kuma ina ɗinki a Nguru tun shekarar da jirgin ƙasa ya fara isowa garin. Labarinta zan bayar. Sai dai ba yadda za a yi in ba da shi ban fito a ciki ba, fitowar kuma ba ta arziki ba ce.

A Gashuwa aka haife mu, unguwar masunta, bakin kogi. Shekara tara ta ba ni. Doguwa ce, busasshiya, ba ta iya dariya don wani ya ji daɗi ba, in kuma ta dube ka sau ɗaya ka san matsayinka. Ta auri Ibram maharbi, mutumin da zai wuni da kai bai ce uffan ba, amma da ya shiga cikin karnukansa sai hira ta ɓarke. Sun yi shekara goma sha huɗu tare, haihuwa uku, babu wanda ya tsaya. Daga baya kububuwa ta sare shi a fadama, aka kawo shi gida a kan jaki, kafin la'asar ya cika.

Da ta fita takaba dangi suka taru a kan maganar karnukan. Kowa ya ce a raba wa abokan farautarsa, me mace za ta yi da kare. Ta bari suka gama, sannan ta ce gadonta ke nan, ba ta roƙi kowa gona ba, ba ta roƙi kowa akuya ba. Aka watse ana cewa baƙin ciki ne ya taɓa mata kai. Ni ma ina cikin masu gyaɗa kai.

Ashe ta san abin da take yi. Sana'arta bandar kifi, mai banda kuwa maƙiyanta ba sa ƙarewa: shirwa daga sama, muzuru da dila daga ƙasa, ga kuma ɓarawo mai ƙafa biyu. Kare zai tsare maka duk waɗannan, amma kare shi ne babban ɓarawon kifi in ba a hore shi ba. Saboda haka doka ɗaya ta kafa wa nata, wadda ta koya wurin Ibram: ba sa cin komai sai abin da ke cikin kaskonsu, shi ma sai ta tafa hannu sau biyu. Da idona na ga tarwaɗa ta zamo daga kan ragar banda ta faɗo a ƙafar Duna, baƙin karenta. Yawu na zuba daga bakinsa, amma ya kawar da kai gefe, ya bar ta nan har Yakaka ta zo ta ɗauka. Na san manyan mutane da ba za su iya wannan ba.

Bayan an gama yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, fataken kudu suka yi ta cika Nguru suna neman banda su loda a jirgi. Na aika mata ta dawo kusa da kasuwa, ta daina bar wa dillalai wahalarta. Ta zo da kayanta a kan jakuna biyu, karnuka uku na biye da ita: Duna, wanda shi kaɗai ya rage cikin na Ibram, har ya fara furfura a baki, sai 'ya'yansa biyu matasa, Barsu da Kyalla. Na raba gidana biyu na ba ta rabi, mutane suna ta yaba mini zumunci. Abin da ba su lura da shi ba, kafin ta iso sai da na sa aka ja katanga tsakaninmu, wadda ta fi ni tsawo da kamu ɗaya, don kada karnukanta su shinshina mini tabarma ko butar alwala. Da ta ga katangar ta shafa ta da hannu ta ce, "Maginin ya iya aiki."

A shekararta ta biyu, ana gama girbi, sanyi ya sauko irin wanda tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga kamarsa ba. Ruwan randa ya zama sai ka yi shahada kafin ka sa hannu. Cikin wannan sanyin ne wani mahaukacin kare ya ciji mutum biyu a wajen tasha, ɗayansu ya mutu mummunar mutuwa. Mai shela ya zaga gari ya ce duk mai kare ya kulle abinsa a gida har kwana arba'in, wanda aka gani a waje kuma guba ce rabonsa. Ban taɓa ganin laifin dokar ba, har gobe. Abin da ke ƙona mini rai shi ne hannun da aka damƙa wa ita.

Sabitu aka ba aikin zuba gubar, ɗan unguwarmu, mutumin da bai taɓa riƙe sana'a ta kai wata uku ba. Ya yi dako ya bari, ya yi fawa aka kore shi. Aka ba shi rigar kaki da wani gwangwani mai murfi, sai ga shi yana tafiya kamar shi ya gina tashar. Kullum da hantsi zai bi lunguna yana yar da guntayen nama da ya barbaɗa wa farin garin guba, da yamma a zo da amalanke a kwashe gawarwaki. Yawancin karnukan gari dama ba su da mai cewa nawa ne. Cikin mako guda Nguru ta yi tsit.

Yakaka ba ta jira kowa ba. Gaban sashenta zana ne kawai, wanda kare zai ratsa da kai ɗaya, don haka ta kwaɓa ƙasa da hannunta ta toshe tsakanin ɗakinta da katangata, ta sa ƙyaure mai sakata. Ya zama karnukan da suka saba gudun rabin yini a fadama ba su da wuri sai ɗakin kwananta da ɗan fili mai taku bakwai a gabansa. Karen farauta kuwa ba shi da gashi, ba shi da kitse, haƙarƙarinsa a waje. Sanyi ya sa su rawar jiki, sai ta shigar da su ɗaki ta shimfiɗa musu tsohon buhu a gindin gadonta na ƙasa, inda take hura wuta a ƙarƙashi.

Ran farko ta leƙo shagona, wanda yake a zauren gidan, ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Gaji, abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka ba su komai. Ko ƙashi, ko loma ɗaya."

Na ce, "Haba Yaya, ni da ko inuwarsu ba na so, me zai kai ni ba su abinci?"

Ta ce, "Na dai gaya maka."

Labarin kare a ɗakin kwana ya zaga unguwa kafin azahar. Mata suka daina shiga wurinta ɗibar wuta. Maƙwabcinmu Alhaji Hamajoɗa, mai fataucin shanu, ya aiko a gaya mata mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare. Ta ce a gaishe shi, a kuma gaya masa ta sani, shi ya sa ta mai da sallarta rumfar waje, tana da zanen sallarta daban a rataye inda kare bai isa ba. Gaskiya ta faɗa, na sha ganinta da asuba tana alwala a waje leɓenta na rawa. Amma mutanen unguwarmu ba amsa suke nema ba, so suke ta ji kunya, ita kuma ba ta ji ba.

Kullewa ba ita ce wahalar ba. Kare mai jini a jika in ya yi kwana uku bai yi gudu ba, sai ya fara cin kansa. Barsu ya soma tauna ƙafarsa har ta yi jini, Kyalla ta yi ta haƙa gindin ƙyaure. Ta san in aka ga kare yana irin wannan za a ce shi ma ya haukace, shi ke nan an sami hujja. Sai ta mai da kanta dajinsu. Ina jin komai daga bayan katanga, wani lokaci kuma in taka turmi in leƙa, wai don in ga iyakar haukan.

Ta ɗaure tsohuwar fatar zomo a doguwar igiya, ta zarga igiyar a kan azarar ɗaki. In ta ja, fatar ta yi sama, karnuka su yi tsalle. In ta saki ta finciko ta ƙasa, su bi ta daga ƙarƙashin gado zuwa fili, daga fili su dawo. Ta jera turmi biyu ta ɗora taɓarya a kai suna tsallakewa, kullum tana ƙara wa turamen tsawo da tubali. Ta kife tukwane biyar ta ɓoye tsohuwar hular Ibram a ƙarƙashin ɗaya, su shinshino ta, wanda ya gano a shafa masa kai. Tana mirgina musu goruba su ɗauko su ajiye a gabanta ba tare da haƙori ya taɓa ɓawon ba. Akwai kuma igiyar kaba da ta tufka mai kauri, ita a gefe ɗaya Barsu a gefe ɗaya, suna ja har ta zame ta zauna a ƙasa. A nan ne na fara jin dariyarta tun bayan rasuwar mijinta, dariya sosai irin ta yara. Sau uku a rana take wannan, safe da azahar da yamma, ga banda na jiranta a kan wuta. Hannuwanta suka tsattsage, ta rame, amma ƙafar Barsu ta warke, gashinsu ya yi sheƙi. Duk wasan nan ba ta taɓa sa abinci a cikinsa ba. Abinci yana kasko, sai an tafa sau biyu.

Matsalar ɗaya ce. Dole ta fita kullum da hantsi ta sayo ɗanyen kifi da itace, ta kan ɗauki kamar awa biyu. Tana jan sakata daga waje su fara kuka, ba haushi ba, irin dogon kukan nan da ke shiga har cikin ƙashi. Mutanenmu kuwa kun san abin da suke cewa game da irin wannan kukan, wai mutuwa yake kira. Ga mahaifiyar Alhaji Hamajoɗa a kwance tun damina. Masu kawo mini ɗinki suka fara tsaki suna tashi. Alhaji da kansa ya zo ya tsaya a kaina.

"Malam Gaji, kai ne namijin gidan nan ko kuwa? Tsohuwa tana kwance tana jin wannan kullum. Ka yi wani abu."

Na shiga wurinta da yamma na ce, "Yaya, ki ba Sabitu su a huta mana. Ai kare ne kawai." Tana cikin juya kifi, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce saura kwana ashirin da shida.

Washegari da suka fara kukan, raina ya ɓaci, na ɗauki ƙashin da ya rage daga miyar jiya na wurga ta kan katanga. Niyyata jifa ce. Sai na ji shiru na ɗan lokaci. Na taka turmi na leƙa, na gan su su uku sun zagaye ƙashin suna kallonsa, babu wanda ya taɓa. Na miƙa sanda na jawo shi kafin ta dawo. Kashegari na sake, da kan kifi. A rana ta huɗu Kyalla ta lasa, ta dubi ƙyaure, ta haɗiye. Barsu ya biyo ta. Daga nan shi ke nan, tana fita su zo gindin katangata su zauna, kai a sama, suna jira. In jefa loma, su cafe tun ba ta kai ƙasa ba. In ja lokaci tsakanin loma da loma, su yi shiru suna sauraro. Duna kaɗai ya ƙi. Yakan koma bakin ɗaki ya kwanta ya juya mini baya, in ya ga dama ya yi kukansa shi kaɗai.

Ni a wautata har daɗi nake ji. Gani nake na taimaki kowa: na rage wa Alhaji kuka, na sama wa karnuka abin yi, na kuma fi Yaya dabara. Abin da ta shekara biyu tana ginawa a jikin dabbobin nan na rushe shi cikin kwana huɗu da ragowar tuwo, kuma ban tsaya nan ba. Sai da na yi alfahari da shi. Wata rana shago cike da mutane, wani ya ce kwana biyu kukan ya ragu, na buɗe baki na ce, "Ai na gano maganinsu. Ta kan katanga nake jefa musu, ko me ka jefa cafewa suke." Aka yi dariya. Sabitu na zaune a kan benci da gwangwaninsa tsakanin ƙafafu, shi ma ya yi dariya.

Ran kwana talatin da biyar tsohuwar Alhaji ta rasu. Ta haura shekara tamanin, ta yi wata biyar ba ta tashi, amma a wurin zaman makoki maganar karnuka ake yi ƙasa-ƙasa. Yakaka ta je gaisuwa, mata suka matsa suka bar mata tabarma guda ita kaɗai. Ban san ko Alhaji ya sa Sabitu ba, ban ji da kunnena ba, ba kuma zan ɗora masa ba. Mai yiwuwa Sabitu neman suna ne kawai ya yi, irinsa ba sai an aike su ba.

Ran kwana talatin da takwas, da hantsi, Yaya ta fita. Sabitu ya shigo ya ce, "Wushe, sannu da aiki, tela," ya tuɓe rigar kakinsa ya ce maɓalli biyu sun fita. Na zare allura. Ya ce bari ya zaga bayan gida. Na nuna masa hanya da hannuna, cikin gidana, ya wuce da gwangwaninsa. Na ga gwangwanin. Na gan shi sarai, ban tambayi kaina me mai zagawa zai yi da shi ba. Ya fito ya karɓi rigarsa ya sa, har ya yaba ɗinkin, ya tafi.

Ba a jima ba na ji wani irin sauti da ban taɓa ji ba, kamar ana buga buhu da ƙasa. Na taka turmi. Barsu na kwance, ƙafafunsa sun miƙe sun sandare, bayansa ya lanƙwashe, kumfa na fita ta bakinsa. Kyalla na ƙoƙarin tashi tana faɗuwa. Na diro na zaga da gudu, na tarar da Yaya ta iso ƙofarta da damin itace a ka. Ta yar da shi ta zare sakata. Ta ɗura musu nono, ta ɗura ruwan kanwa, ta ɗura man gyaɗa, tana riƙe da kan Kyalla a cinyarta tana kiran sunanta a hankali. Ni ina tsaye da ƙwarya a hannu kamar wani mai amfani. Barsu ya riga tafiya, Kyalla ta bi shi kafin rana ta take tsaka.

Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta duba filin. A bakin ɗaki, kamu ɗaya daga hancin Duna, ga tsoka ta uku a ƙasa, ƙuda na binta, bai taɓa ba. Ta ɗauke ta da ganye ta sa a ƙwarya. Sannan ta je gindin katangata ta tsuguna. Ƙasar wurin ta yi sumul saboda zama, ga shatin farata a jikin bango inda suke miƙewa, ga maiƙo a sama inda lomata ke gogar katanga kafin ta faɗa. Ta daɗe tana kallo. Ta juyo ta dube ni.

"Wa ya koya musu cin abin da ya faɗo daga sama?"

Na ce, "Yaya, kukan ne ya yi yawa, Alhaji kuma..."

"Kwana nawa?"

"Kamar ashirin."

Ta gyaɗa kai. Da ta zage ni, da ta kwaɗa mini taɓaryar nan, da na ji sauƙi. Sai kawai ta ɗauki ƙwaryar ta fita, ni kuma na bi ta a baya.

Ta tarar da Sabitu a gindin tsamiyar ƙofar Alhaji, inda masu zaman makoki ke zaune, maza sun fi goma sha biyar. Ta ratsa su ba sallama ta ajiye ƙwaryar a gabansa.

"Ga rabon Duna, bai ci ba. Na dawo maka da kayanka."

Sabitu ya ce, "Ke, aikin hukuma na yi."

"Mai shela cewa ya yi wanda aka gani a waje. Wane ne cikinku ya ga karena a waje? Kwana talatin da takwas, wa ya ga ko jelarsu? Alhaji, ka gani? Liman, ka gani?"

Babu wanda ya ɗago. Wani ya kama jan carbi, wani ya gano akwai ƙaya a tafin ƙafarsa. Wani dattijo ya ce, "Yakaka, ki yi haƙuri, wurin makoki ne nan, ai dabba ce." Ta ce ta san dabba ce, dabbar da aka gaya wa magana ɗaya ta riƙe, ta fi mutumin da aka yi wa shela gari guda ya ji, shi ya ƙi riƙewa. Maza sama da goma sha biyar, duk sun san an shiga gidan mace an yi mata ta'adi ba bisa doka ba, aka rasa mai cewa Sabitu ka yi laifi. Ni da nake ƙaninta ina tsaye a bayanta, bakina a rufe, tsoro nake kada wani ya tuna abin da na faɗa a shago. Duk sun tuna. Ina ganin haka a idonsu, shi ya sa ma suka sami bakin yin shiru.

Ita ta haƙa ramin binne su da kanta a bayan gari, ba ta yarda amalanke ya ɗauke su ba. Sannan ta dawo ta ja sakata ta cika kwana biyun da suka rage, don kada a ce ta karya doka. Ina jin ta tana jan fatar zomo a kan azara. Ba na jin gudun kowa. Duna ya daina bi, sai dai hular Ibram, in ta kife ta ya tashi a hankali ya nuna tukunyar ya koma ya kwanta. Ran kwana arba'in da ɗaya ta ɗaure kayanta a jaki ta kama hanyar Gashuwa a ƙasa, ta Jajimaji, Duna na gefenta. Ragar bandarta ta bar wa wata maƙwabciya. Ni ba ta bar mini ko sallama ba.

Sabitu kuwa, da wa'adin ya cika aka karɓe rigar da gwangwanin, ya koma zaman benci. Har ya mutu babu wanda ya taɓa tambayarsa. Ya ma sake kawo mini ɗinki, na kore shi, sai unguwa ta ce na cika riƙo.

Bayan damina na shirya na tafi Gashuwa, da turmin atamfa da goro. Ta gina 'yar bukka a bakin kogi ta kewaye da zana mai tsawo, hayaƙin banda na tashi daga ciki. Na yi sallama. Ta amsa daga ciki, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi hanya, ta tambayi ɗinki. Na ce, "Yaya, in shigo?" Ta ce, "Akwai karnuka, za su ɓata maka riga." Na ce na zo neman gafara ne. Ta ce ta yafe tun tuni, Allah ma muna masa laifi. Na tura atamfar da goron ta ƙarƙashin zana, ta sa albarka. Ina shirin juyawa sai ga wani ƙunshi ya taso ta kan zana ya faɗo a gabana. Banda ce, manyan tarwaɗa shida, an naɗe da ganyen kaba. Na ce a raina wallahi ba zan taɓa ba. Na tsaya na tsaya, na duƙa na ɗauka.

Shekara tara ina zuwa, duk bayan damina. Duna ya mutu da tsufa a shekara ta biyu, ta raini wasu, masunta har daga nesa suke zuwa neman 'ya'yan karnukanta don sun ji ba sa taɓa kifi. Ita da ni kuwa ba abin da ya sake. Mu gaisa ta bayan zana, ta san sunan duk ɗan da na haifa, tana aika musu da kifi. Fuskarta ce ban ƙara gani ba. Na yi fushi da ita, ba zan ɓoye ba. Sau da yawa a hanyar dawowa nakan yi ta faɗa ni kaɗai, ina cewa wace irin zuciya ce wannan, ɗan'uwanka ciki ɗaya a kan kare. Kafin in kai Jajimaji sai in tuna abu ɗaya tak ta roƙe ni, in yi shiru.

A shekara ta goma na iso da hantsi, ban ga hayaƙi ba. Na yi sallama, karnuka suka yi haushi daga ciki. Na sake yi. Na ce ko ta je kogi ne, bari in jira. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, sai da wata tsohuwa maƙwabciyarta ta fito ta ce, "Kai ne Gaji? Ai mun aika, kun yi saɓani da ɗan aike a hanya. Yau kwananta uku da rasuwa." Ta ci gaba da magana, wai zazzaɓi ne, wai ba ta sha wuya ba, wai ita ke ba karnukan abinci amma sun ƙi ci don ba ta san yadda ake ce musu su ci ba.

Ina jin ta, amma ban dube ta ba. Sai a lokacin na lura da yadda nake tsaye tun ɗazu: a gindin zana, kaina a sama, ina jiran abin da zai faɗo.

Na ce wa tsohuwar ta buɗe mini. Na shiga, karo na farko. Karnuka huɗu na kwance a gaban kasko cike da tuwo da ya bushe. Na tsuguna na tafa hannu sau biyu. Suka ɗago suka dube ni, babu wanda ya tashi.